Alkamar da Birai Suka Cinye

Udaipur, kwana uku bayan bikin Holi

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Kanchan Jiji,

Bayan gaisuwa mai yawa da taɓa ƙafafunki, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Jijaji da yaran. Tarin Munni ya sake ta kuwa? Ki shafa mini kanta. Ni lafiyata ƙalau, in dai lafiyar jiki ake tambaya.

Wasiƙarki ta iso. Na yi murna da jin matar yayanmu ta sauka lafiya, na kuma shiga ɗakin girki na yi kuka. Na san gidan da aka yi sabuwar haihuwa ba a yin bauta a cikinsa, don haka babu mai zuwa ɗaukata. Amma tun ina yarinya nake ganin kaina ina yin bikin Gangaur ɗina na farko a gidanmu kamar kowace amarya, ke kina sa mini lalle kina yi mini faɗa in daina motsi. Yanzu a nan zan yi shi, a gidan da shekara goma sha biyar ba a ji ƙarar awarwaro a cikinsa ba, tun rasuwar mahaifiyar maigidana.

Kin tambaye ni yadda garin yake. Jiji, ki tambayi Turawa. Wata biyar ke nan da kawo ni, abin da na sani na tafkin Pichola bai fi faɗin tabarma ba, shi ne ɗan yankin da ake hangowa daga saman benenmu, tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabta. Idan kwale-kwale ya ratsa ta wurin, kafin in ƙirga bakwai ya ɓace. Kuma ni ce matar mai yi wa baƙi jagora. Kullum da safe yana goge takalminsa, ya rataya katinsa a wuya, ya je ya nuna wa mutanen wata ƙasa fada da lambun kuyangin sarauniya da haikalin Jagdish. An ce idan ya fara ba da labarin sarakunan da, har tsofaffin mata share hawaye suke yi. Ya dawo gida kuwa, bakin ya mutu. "Akwai shayi?" "Babosa ya sha magani?" Rannan na ƙirga kalmomin da ya faɗa mini daga safe zuwa magariba, goma sha ɗaya. Ba ya faɗa, ba ya tsawa, bai taɓa raina girkina ba. Da ma zai raina.

Babosa, surukina, kunnensa ya yi nauyi, gwiwoyinsa sun ƙi, yana kan gadon igiyarsa a tsakar gida ya manna rediyo a kunne. Idan na kai masa abinci sai ya sa mini albarka da ƙarfi kamar ina can ƙetaren tafki.

Kin ce littattafan nan ne suka lalata ni. Wataƙila. Na zo da guda talatin da huɗu a ƙasan akwati, na sake karanta su duka. A cikinsu, miji mai shiru yakan kasance yana ɓoye wani ciwo ne, kuma kafin shafi na sittin ruwan sama zai tsare su a ƙarƙashin wata bishiya ya faɗi komai. Mu nan ruwa sai bayan wata uku, bishiya kuma babu ko ɗaya a lungunmu.

Na dai fara azumin Gauri, allahiyar da ake yi wa Gangaur, cin abinci sau ɗaya a yini. Jhamku Kaki, tsohuwar da ke gidan da ke kallon namu, ita ta ja ni cikin matan lungu. Mun ɗebo tokar wutar Holi mun cuɗa da ƙasa, kowa ta shuka alkamarta. Kaki ce ta ba ni irin, don mu nan gari muke saya niƙaƙƙe, babu ƙwayar alkama ko ɗaya a gidan. Na ajiye tukunyata a saman bene. Kullum da sassafe muna taruwa a gidanta, mu yi waƙa, mu ɗiga ɗigo goma sha shida a bango da lalle da kwalli. Ta ja mini kunne: "Amarya, ko da wasa kada ki gaya masa. Gauri ma ɓoye wa mijinta Isar ta yi. Azumin miji, mijin ne kaɗai ba ya sani." Na ce, "Kaki, mutumin da kullum yake yi wa Turawa bayanin bikin nan?" Ta ce, "Ya sani a wurin aiki. A gida bai sani ba. Ke dai ki ɓoye, shi kuma ya makance, haka aka gada."

Ɓoyewar ba ta yi mini wuya ba. Ko a gabansa na ajiye tukunyar, ban ce zai gani ba.

Ki gaida Jijaji da girmamawa. Ki rubuto da wuri.

Ƙanwarki,
Hemlata

*

Udaipur, kwana goma bayan Holi

Jiji tawa,

Ina gaishe ki, ina taɓa ƙafafunki. Yaya gida, yaya zafin da ya fara? Na ji daɗi da Munni ta warware.

Alkamata ta mutu. Ta fito da kyau, ta kai tsawon ɗan yatsa, koriya shar, har ina yi mata hira idan na hau ba ta ruwa. Shekaranjiya da rana na ji ƙarar fashewa. Na hau da gudu na tarar da birai uku, masu baƙar fuskar nan, sun kifar da tukunyar. Babban yana zaune kan tanki yana cusa ganyen a baki yana kallona kamar ni ce na shigo masa gida. Ban iya ko kora ba. Na tattara ƙasar da ɓaraguzan na tura bayan tanki, na sauko. Tun ranar ban sake hawa ba, shanya ma a tsakar gida nake yi.

Kin san abin da Inna take cewa: alkamar Gauri madubin gidan mace ce, yadda ta tsiro haka zaman zai kasance. Na san za ki ce biri ba ya karanta aure. Amma duk lungun nan mata goma sha ɗaya ne suka shuka, tawa kaɗai aka ci. Ban gaya wa Kaki ba. Da ta tambaya na ce tana nan lafiya.

Ranar da abin ya faru ya dawo ya same ni idona ya kumbura. Ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, na ɗauka yau za a kai shafi na sittin. Sai ya ce, "Hayaƙi ne?" Na ce e. Ya ce, "A buɗe taga." Ya wuce.

Yanzu kuma ya tsiro da sabon hali. Da, yakan sha shayinsa a tsaye kusa da murhu, minti biyar ɗin nan su ne rabona na yini. Kwana biyu ke nan yana ɗaukar kofin ya hau bene, wai tankin ruwa yana yoyo zai duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ce mai aiki da ruwan gidan nan, kuma ban ga ya ragu ba. Tserewa yake yi, Jiji. Minti biyar ɗin ma sun yi masa yawa.

Jiya na raka Kaki kasuwar Bada sayen kayan ado na siffar Gaurinmu, ɗan mayafi ja da sarƙa. A hanyar dawowa, daidai matattakalar haikalin Jagdish, na ji wata murya tana dariya, na juya. Shi ne. Yana tsaye a tsakiyar baƙi kamar goma, hannuwansa suna yawo a iska, yana nuna musu giwayen dutse, fuskarsa a sake kamar ta wani mutum dabam. Ban san yana da wushirya ba sai jiya. Wata biyar. Na ja mayafi na rufe fuska. Kaki ta zungure ni: "Ga naki can yana raba wa Turawa zuma. Ke an bar miki kakin?" Ta yi dariya, na taya ta. Da na dawo gida na kasa cin abincin yinin ma.

Ba wata mace nake zargi ba, kada ki ɗauka haka. Abin ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shi ciwo. Mutumin yana da magana, yana da dariya, ni ce dai ba ya ga abin da zai yi da su a wurina.

Ga roƙona. Zan ƙarasa azumin, don abin da aka fara wa Gauri ba a yanke shi. Amma ranar Lahadin da ke bayan biki, ki turo Jijaji ya zo ya ɗauke ni. Ki ce kina bukatar hannu a gida. Kada ki tambaye ni kwana nawa zan yi, ban sani ba, kuma ba na jin za a zo bikona.

Ki turo mini da hulba idan wani zai zo. Kwalbar da kika ba ni ta yi rabi ban san yadda aka yi ba, ina jin ɓeraye ne, ko da yake ban taɓa jin ɓeran da ke mayar da murfi ba.

Taki har kullum,
Hemu

*

Udaipur, kwana goma sha biyar bayan Holi

Jiji,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Amsarki ta zo, har da faɗan da ke cikinta. Na karɓa. Na gode da kika yarda.

Na gaya masa jiya yana ɗaure igiyar takalmi. Na ce Jiji tana nemana, Jijaji zai zo ranar Lahadi ta sama. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce, "Kwana nawa?" Na ce ban sani ba. Ya ƙarasa ɗaure igiyar. Sai ya ce, "Motar ƙarfe bakwai ta fi. Ta tara tana tsayawa a kowane ƙauye."

Shi ke nan, Jiji. An ba ni shawarar mota.

Garin ya cika. Ana shafa wa ƙofofi farar ƙasa, masu ghewar, kayan zaƙin bikin, sun jera shi tsibi-tsibi har bakin titi, daga tsakar gida ina jin masu ganguna suna gwaji a bakin tafki. Duk amaren lungu an kawo musu kayan biki daga gidajensu, suna ta nuna wa juna. Naki sun iso, zanen ya yi kyau ƙwarai. Na shimfiɗa shi a kan gado na zauna kusa da shi, babu wanda zan nuna wa sai Babosa. Ya shafa ya ce, "Labule ne?"

Saura kwana uku a kai Gauri bakin ruwa. Kin san a nan ne kowace mace za ta shayar da ita, ta faɗi sunan mijinta a cikin baiti, sau ɗaya tak a shekara. Na tsara nawa tun watan jiya, akwai farin wata a ciki, akwai furen bado, akwai agwagwar ruwa biyu. Yanzu ina jin kunyarsa. Gobe ko jibi zan je in faɗa wa Kaki gaskiya, ta sam mini ɗan alkamarta in riƙe, kada in tafi hannu sake.

Na fara haɗa akwati. Littattafan ne suka fi nauyi.

Hemlata

*

Udaipur, kwana biyu bayan Gangaur

Zuwa ga Kanchan Jiji, wadda ba ni da kamarta,

Ina taɓa ƙafafunki, ina gaida Jijaji da yaran. Ina fatan bikinku ya yi kyau. Ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma ki yi alkawarin ba za ki yi dariya ba, na sha dariyar mutane ta ishe ni.

Ana jajibirin biki na je wurin Kaki na faɗa mata komai. Ta ce, "Kwana takwas kina yi mini ƙarya? Mu je in ga gawar." Ta hau benenmu da gwiwoyinta tana zagin wanda ya gina matattakalar. Na zagaya bayan tanki don in nuna mata ɓaraguzai. Babu su. A wurin akwai kwandon kaji a kife, an danne shi da bulo biyu. Na ɗaga. Sabuwar tukunya ce, ƙasarta a jiƙe, cike da tsiro kore har yana zubowa ta baki.

Na durƙusa, Jiji. Na ɗauka Gauri ce da kanta. Sai Kaki ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta sunsuna, ta zauna daɓas a ƙasa tana dariya har da riƙe ciki. "Hulba," ta ce. "Amarya, hulba ce! Gauri ba ta shuka kayan miya. Wannan aikin namiji ne."

Na duba da kyau. Ganye ne ƙanana masu zagaye, ko kusa ba su yi kama da alkama ba. Kaki ta share hawaye ta jera mini abin kamar a gabanta aka yi. Ya ga ɓarnar birai. Ba zai tambaye ni ba, don bai san ina azumi ba. Ba zai je wurinta neman iri ba, don namiji bai san da shukar ba. Ba zai tsaya gaban mai hatsi ya sayi alkama cikin tafin hannu ana tsakiyar Gangaur ba, kafin ya iso gida kasuwa duka ta ji. Sai ya shiga ɗakin girki ya nemi abin da ya yi kama da iri. "Shekara bakwai yana gaya wa Turawa mata suna shuka kore," in ji ta, "bai taɓa sunkuyawa ya ga wane kore ba ne. Ya san ranar haihuwar sarki arba'in. Kai, Lokendra, ɗan marigayiya."

Tankin da ke yoyo ke nan. Ɓeran da ke mayar da murfi ke nan.

Kaki ta ce in zo ta ba ni alkama in rufa wa kaina asiri. Na ce a'a.

Da safen biki na tsinki reshe ɗaya na ɗora a kan rawaninsa da ke ninke a kan akwati, don ranar da rawani yake fita aiki. Da la'asar muka fito, kowace unguwa da Gaurinta a kan wata mace, ganguna a gaba, mu a baya muna waƙa. Kowacce ta soka alkama a gashinta, ni na soka hulba. Tun kafin mu fita lungu aka fara. "Hemlata, dankalin fa, ko yana cikin zane?" Wata ta ce, "Ku bar ta, Gauri za ta yi tafiya gidan miji, guzuri aka haɗo mata." Kunnuwana suka yi zafi, amma ban cire ba.

Sai muka ratsa ƙofar nan mai baki uku, tafkin ya buɗe a gabana gaba ɗaya. Jiji, ashe haka yake da girma. Fadar tsakiyar ruwa fara fat, duwatsu a bayanta sun yi shuɗi, kwale-kwale masu ado suna jere, mata ja da ruwan ɗorawa sun rufe matattakala har ba a ganin dutse. Babu littafin da ya faɗa mini cewa ruwan yana warin gansakuka, kuma warin ya yi mini daɗi.

Yana can gefe a saman matattakala da baƙinsa, ya ɗaga ƙaramar tuta don kada su ɓace. Ina jin muryarsa yana yi musu bayani. A gefen rawaninsa, inda sauran maza suka soka alkamar da matansu suka ba su, reshen hulba ne, ya riga ya yi laushi ya kwanta.

Da layi ya zo kaina na ɗauki butar tagulla, Kaki ta ce, "Faɗi da ƙarfi, ba ma son raɗa." Farin wata da bado da agwagwa duka suka gudu daga kaina. Abin da ya fito kawai shi ne:

"Gauri, sha ruwa, rana ta yi,
matar Lokendra ce ta zo da shi."

Mata suka ce baitin ba shi da gishiri. Amma muryar da ke saman matattakala ta yanke a tsakiyar magana. Na saci kallo ta cikin mayafi. Bakinsa a buɗe, tutar ta sunkuya, wani Bature mai jan wuya yana taɓa masa kafaɗa yana jiran ƙarshen zance.

Ba mu yi maganar ba. Ba za mu taɓa yi ba, haka aka gada.

Jiya da safe ya ɗauki shayinsa, ya tsaya a gindin matattakala ya ce, "Tankin ya daina yoyo. Ko za a zo a gani?" Na bi shi. Muka tsaya muna kallon tanki kamar wawaye biyu. Can ya gyara murya, ya juya ga ɗan yankin tafkin nan nawa, ya miƙa hannu, sai ga muryar wurin aiki ta fito: "Idan baƙuwa ta dubi hannun damanta, za ta ga kusurwar wani tsibiri." Ya yi ta zuba, wane sarki ya gina, wane ya ɓuya a ciki, giwayen dutse nawa ne a bakinsa. Bai dube ni ko sau ɗaya ba. Na gane a lokacin cewa wannan ce kaɗai hanyar da ya iya magana, babu wanda ya koya masa wata a gidan nan. Sai ya tsaya. "Sauran ba a gani daga nan. Sai an sauka."

Na ce, "Yaushe ake sauka?"

Ya ce washegari, wato yau, zai kai baƙi Kumbhalgarh, kwana huɗu, amma ranar Talata ba shi da kowa. Ya sake kallon tanki. "Sai dai akwai motar Lahadi."

Na ce, "Hulba tana son ruwa kullum, kai kuma ba ka nan."

Ya ce, "Wace hulba?" Kunnuwansa sun yi ja kamar barkono.

Don haka, Jiji, ki ba Jijaji haƙuri, kada ya taso. Ban ce miki komai ya gyaru ba. Ya tafi tun da safe, sallamarsa kalma uku ce, gidan ya koma shirunsa, rediyon Babosa kaɗai ke magana. Na kai wa Gauri rabin tsiron, rabin yana nan a ƙarƙashin kwando, na ƙara bulo ɗaya don babban birin ya dawo yana zagaye. Na fito da kaya daga akwati. Littattafan na bar su a ciki tukuna.

Talata saura kwana biyar. Ban taɓa shiga kwale-kwale ba. Ki rubuto ki gaya mini, da gaske ne yana sa jiri?

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Hemu